Girisin Boris: Ƙaramin Abin Da Zai Iya Kwantar Da Motocin Lantarki

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, motar lantarki ta samu gurbi a jawabin 'yan siyasa. A watan Disamban wannan shekarar shugaban ya je Maiduguri ya ƙaddamar da motocin haya da gwamnatin Borno ta sayo, cikinsu har da tasi masu amfani da lantarki. A irin waɗannan bukukuwa ana maganar kuɗin mota da ƙarfin batir da wurin caji. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wane ne zai gyara motocin bayan shekara uku ko huɗu, kuma da wane irin kaya. Amsar tana farawa ne daga abin da bai kai cikin cokali ba, wato girisin da ke cikin boris ɗin injin.

Masu tallar motar lantarki sukan ce ba ta buƙatar juyen mai, kuma sun yi gaskiya game da baƙin mai. Amma sandar da ke juyawa a tsakiyar injin lantarki a kan boris take zaune, shi kuwa boris ba ya aiki a bushe. Wasu kamfanoni suna sanyaya injin da mai, man ne kuma ke jiƙa boris ɗin. Wasu kuwa, musamman masu ƙera ƙananan motoci da kekuna masu ƙafa uku da babura, suna sa boris rufaffe wanda aka cika da giris tun daga masana'anta, da niyyar ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. A irin wannan injin, ranar da girisin ya mutu ita ce ranar da boris ya fara mutuwa.

Aikin da ke kan wannan giris ya fi wanda aka saba da shi nauyi. Injin fetur na motar gida ba ya cika wuce juyi 6,000 a minti ɗaya. Injin motar lantarki yakan kai 15,000 zuwa 20,000, kuma a 2025 kamfanin BYD na ƙasar Sin ya sanar da injin da ke haura 30,000. A irin wannan gudu, giris mai kauri yana dama kansa ya haifar da zafi, wanda ya cika ruwa kuma juyi yana watsar da shi gefe. Injiniyoyin boris suna da ƙa'idar da suke aiki da ita: idan zafi ya wuce digiri 70, duk ƙarin digiri 15 yana rage kwanan giris da rabi. A Maiduguri, inda zafin rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, injin yana fara aiki ne da zafin da injin Turai bai sani ba. Ƙurar hunturu kuma tana jiran duk wata kafa da murfin boris ya bari.

Akwai kuma cutar da injin fetur bai san ta ba. Inbatar da ke juya wutar batir zuwa wadda injin ke ci tana kunnawa tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, wannan kuwa yana tara wuta a jikin sandar injin. Idan wutar ta taru, sai ta huda siririn man da ke tsakanin ƙwallayen boris da zobensa, ta yi tartsatsi. Kowane tartsatsi yana narkar da ɗan ɗigon ƙarfe, yana kuma ƙona girisin ya yi baƙi. A hankali zoben ya yi zane-zane, injin ya fara kuka, daga nan sai tsayawa. Masu ƙera motoci suna magance wannan ta hanyar sa ƙwallayen tangaran da wuta ba ta bi, ko zoben da ke karkatar da wutar zuwa jikin injin, ko giris da aka haɗa domin ya bar wuta ta wuce a hankali. Wanda ya cire irin wannan boris ya sa na kasuwa ya mayar da cutar ciki da hannunsa.

Shi giris mai ne da aka riƙe da wani sinadari mai kauri, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Tun shekarun 1940 sabulun litiyum ne ya mamaye wannan aikin, har ya zama fiye da rabin girisin da ake yi a duniya da shi ake haɗawa. Amma a injinan lantarki an fi son na poliyuriya da man roba marar kauri, domin yana jure zafi, yana daɗewa, kuma ba ya ƙara. Ƙarar boris kuwa babban aibi ce a motar da ba ta da rugugin injin da zai rufe ta. Dole ne kuma girisin ya kasance ba ya cin jan ƙarfe, saboda wayoyin injin na kusa. Haɗa na litiyum da na poliyuriya a boris ɗaya yakan sa su narke su zube. Cika boris maƙil, wanda makanikai da yawa ke ɗauka a matsayin kyautata aiki, yana ƙara zafi ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na sararin ake cikawa.

Siyasa ma ta shiga cikin gwangwanin giris. Da buƙatar batir ta tashi, farashin litiyum a ƙasar Sin ya kai kusan yuwan 600,000 kan tan ɗaya a Nuwamban 2022, kafin ya faɗo da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Wannan hawa da sauka ya sa masu yin giris suka koma neman madadinsa. Najeriya tana cikin wannan labarin ta ƙofar baya. Ana haƙar litiyum a jihar Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar sarrafa shi a watan Mayun 2024, kuma a Disamban wannan shekarar kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara da ke aiki a ramukan haƙar da ba su da izini a jihar. Ƙasar tana fitar da ma'adinin, sannan ta sayo batir da injin da boris da kuɗin waje.

Saboda haka tambayoyin da suka dace a yi wa duk gwamnatin da ta sayo motocin lantarki a fili suke. Shin kwangilar ta ƙunshi kayan gyara da takardar bayanin irin boris da girisin da kowane injin ke buƙata? An horar da makanikan gari, ko sai an jira ƙwararre daga ƙasar da aka ƙera motar? Hukumar kula da ingancin kaya ta SON da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC suna da hurumin tabbatar da cewa abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ne a ciki.

Jihohi da dama sun taɓa sayen motocin safa na sufuri da suka ƙare a garejin gwamnati, tayoyi a sace, saboda rashin kayan gyara. Direban da ya ɗauki keken lantarki bashi, yana biya kullum daga abin da ya samu, ba shi da ƙarfin jiran boris daga ƙasar waje na tsawon wata biyu. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a wannan karon wanda zai biya kuɗin girisin da bai dace ba shi ne wannan direban da fasinjansa.