Jirgin Ƙasa Na Tafe, Kada Ya Tarar Mun Ƙarar da Ungulu

Jama'ar Jibiya, mutanen Magama, da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka a Ɗan Isa da Madarumfa da Maraɗi, yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Ku tambayi duk mahaucin da ya haura shekara hamsin. Zai ba ku labarin yadda ungulaye suke jeruwa a kan katanga tun kafin a kai wuƙa wuyan sa, kai a sanƙo, wuya a ƙanƙame, suna jiran a watsar da abin da ke cikin tumbi. Sai an sa yaro da sanda ya tsare nama. Kafin azahar fili ya yi fes, babu jini, babu hanji. Yau a garuruwanmu da yawa yaro kan gama sakandare bai taɓa ɗora ido a kanta ba, sai dai ya ji ta a bakin manya cikin karin magana.

A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa wannan ungulu tamu ta kasuwa cikin rukunin da daga shi sai ɓacewa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa sama da kashi 80 cikin 100 na yawanta a Afirka ya tafi cikin shekara hamsin ɗin da suka wuce. Mikiya ma ta shiga wannan rukuni a shekarar.

Na kawo maganar yanzu ne saboda Jibiya na gab da sauya kama. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina, ya ratsa Jibiya kafin ya shiga Nijar. Ina son wannan jirgi, kuma duk wanda ya ga abin da rufe iyaka ya yi wa garin nan dole ya so shi. An rufe a watan Agustan 2019, ba a buɗe Jibiya ba sai Afrilun 2022. Ba mu gama numfasawa ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, aka sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. 'Yan dako sun zauna, direbobi sun sayar da motoci, masu abinci a bakin tasha sun kife tukwane. Mutumin da ya sha wannan wuya ba za a zo masa da zancen tsuntsu don a hana shi ciniki ba, kuma ni ma ba abin da na zo yi ke nan ba.

Amma mun san abin da ke bin bayan tasha. Filaye za su yi tsada, a yanka fuloti, a gina rumbunan ajiya da gidajen mai da masaukin manyan motoci. Abu na farko da katafila ke nufa kuwa shi ne babban icce, domin shi ke tare hanya. Wanda katafila ta bari, mai gawayi na jiransa da injin yanka.

A nan ne ungulu ke shiga maganar. Ba ta sheƙa a kan sabara ko geza. Dogon icce take nema, mai ƙarfin reshe: kuka, maɗaci, gawo, rimi, ɗorawa, giginya, tsamiya. Kakanninmu sun lura da haka tun tuni, shi ya sa suka ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Ta yi kwanci wajen kwana hamsin, uwa da uba na karɓeɓeniya, sannan ɗan ya shafe wata uku zuwa huɗu a sheƙa kafin ya iya tashi, duk a cikin rani, daidai lokacin da 'yan kwangila suka fi aiki. A sare iccen a tsakiyar wannan lokaci, haihuwar shekara ta tafi. Kuma sukan koma sheƙa ɗaya shekara da shekaru. Kaza in ka rasa ta yau, kafin damina ka cika akurki. Tsuntsun da ke haihuwar ɗaya-ɗaya ba ya farfaɗowa da wannan saurin. Shuka darbejiya dubu a ranar bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto a watse, ba zai maye gurbin kuka guda da ta girmi kakan hakimi ba.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi sare itace muni, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai. Ungulu ta zama haja. Ana neman kanta da ƙafafunta da ƙwanta don haɗa asiri, wai na farin jini, wai na sa'a, wai na ganin abin da ke ɓoye. Binciken da aka yi a kasuwannin Afirka ta Yamma ya nuna Najeriya na sahun gaba a wannan ciniki, kuma da na gida suka yi ƙaranci sai aka koma shigo da su daga Nijar da Chadi da Burkina Faso da Kamaru. Ta ina suke shigowa? Ta iyakoki irin tamu, a ƙunshe cikin buhu, a ƙarƙashin kaya. Yadda ake kama su kuwa abin takaici ne: a barbaɗa maganin ƙwari a mushen jaki ko akuya, garke guda ya sauka, ya ci, ya zube. A ƙasar Gini Bisau a 2020 an kashe ungulaye sama da 2,000 ta wannan hanya, aka tarar da yawa daga cikinsu babu kai. In hanya ta gyaru, jirgi ya fara jigila, wannan fatauci ma zai sami sauƙi, sai in mun tsaya masa. Ni dai ban ga ta yadda tsuntsun da bai iya hango gubar da aka zuba masa ba zai nuna wa wani gaibu.

Wani zai ce, Malam, ana sace mutane a hanyar Gurbin Ɓaure, mata da yara sun bar ƙauyuka sun cika gari, kai kana ta ungulu? Maganarsa na da nauyi, ran ɗan Adam shi ne gaba. Sai dai ya ji abin da ya faru a Indiya. A shekarun 1990 aka riƙa yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar sai ƙodarta ta mutu. Cikin shekara goma sha wani abu, fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulayen ƙasar suka ƙare, ba a haramta maganin ga dabbobi ba sai 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a bakin ruwa, karnukan sake suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun fitar da bincike a 2024 da ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar ƙarin mutum wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Garin da ke cinikin dabbobi kamar Jibiya, mai madatsar ruwa a kan gulbin Gada da jama'a ke noman rani da kamun kifi a ciki, ya fi kowa buƙatar mai kwashe mushe. Cikin ungulu na narkar da ƙwayoyin cutar da za su kashe kare, su kashe mutum, kuma ba ta taɓa neman albashi a ƙaramar hukuma ba.

Mun riga mun yi asara irin wannan a nan kusa. A shekarun 1980 da 1990 giwaye na kai da kawo tsakanin dazuzzukan wannan yanki da dajin Baban Rafi na Madarumfa. Yau babu wanda ke zancensu. Amma a ƙasar Maraɗin nan aka nuna cewa ana iya gyara. Tun daga farkon shekarun 1980 manoma suka kama sassaben zamani, wato barin kututturen da ya tofo a gona a riƙa yi masa aski har ya zama icce. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma gero bai ragu ba, a gindin gawo ma ƙaruwa ya yi. A 2018 aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure zuwa gandun Gadabeji, inda suka daɗe da ɓacewa. Waɗanda suka yi aikin dawo da itatuwan nan Hausawa ne da Fulani da Buzaye irinmu, masu cin kasuwa ɗaya da mu.

To, mu tashi. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi bincike kafin aiki irin na layin dogo, ta kuma bai wa jama'a damar ganin rahoton su faɗi ra'ayinsu. Ƙungiyoyin matasan Jibiya da ɗalibanmu da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ku nemi wannan rahoto, ku karanta, ku ga me aka ce game da itatuwa. Ku zaga kewayen tasha da bakin hanyar Magama ku ƙirga manyan itatuwa, ku shafa musu fenti, ku kai jerin ga ƙaramar hukuma tun kafin a raba filaye. A rubuta cikin takardar kowane fuloti cewa ba a taɓa iccen da aka yi wa alama. Mai gina rumbu ya goce da taku goma, ba zai karye ba, direbobinsa ma za su sami inuwa.

Ranka ya daɗe Sarkin Arewa, hakimin Jibiya, da dagatai da masu unguwanni, a da ba a sare kuka ko tsamiya a bakin gari sai da izinin mai ƙasa. A dawo da wannan. Sarkin Fawa, ka ware gefe guda nesa da gidaje inda za a riƙa zubar da kayan cikin da ba a so, ka hana kowa kusantarsa da guba. Jami'an kwastan na Magama, da idon da kuke gane buhun shinkafa ku gane buhun kawunan tsuntsaye, domin dokar kare namun daji ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, na hannunku. Masu maganin gargajiya, Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta daɗe tana zama da takwarorinku kan komawa ga saiwa da sassaƙe a madadin sassan ungulu, ku ma ku shiga. Limamai, huɗuba ɗaya kan kashe halitta a banza da kan dogaro da tsafi za ta kai inda takardar gwamnati ba ta kaiwa.

Gwamnatin Jihar Katsina kuwa ta taɓa nuna tana iyawa. A ƙarshen Agustan 2021, saboda tsaro, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji da umarni guda. Muna neman umarni makamancinsa da zai kare tsofaffin itatuwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Jibiya da kewayen layin dogo, a sa hannu a kansa kafin ranin bana ya shiga, lokacin da ungulu ke fara ɗaukar tsinke.