Sharhi: Ɗan Kasuwa Ya Zama Malami a Intanet

 Sharhin namu na yau zai duba wata hanyar talla da ta samu karɓuwa a 'yan shekarun nan, wato taron bita ta intanet. Ɗan kasuwa ko kamfani ne yake sa rana da lokaci, ya gayyaci jama'a su hallara ta waya ko kwamfuta, ya koya musu wani abu da ya shafi sana'arsa, su yi tambaya ya amsa, sannan daga ƙarshe ya gabatar da hajarsa.

Manyan kamfanoni sun daɗe da sanin wannan hanya. Tun a shekarar 2007 kamfanin Cisco na Amurka ya zuba dala biliyan 3.2 ya sayi WebEx, manhajar da ake gudanar da irin waɗannan taruka da ita. Ɗaya daga cikin injiniyoyin WebEx ɗin, Eric Yuan, shi ne ya ajiye aiki a 2011 ya kafa Zoom. Sai dai annobar korona ce ta fito da abin daga ofisoshi ta sa shi a hannun kowa. A watan Disamban 2019, masu shiga tarukan Zoom a rana ba su wuce miliyan 10 ba. Zuwa watan Afrilun 2020, lokacin da Legas da Abuja da Kano suke cikin kulle, adadin ya kai miliyan 300. A daidai wannan lokaci kamfanin Google ma ya buɗe manhajarsa ta Meet kyauta ga duk mai asusunsa.

Amfani na farko da kowa ya gani shi ne sauƙin kuɗi da nisan zango. Kafin 2020, kamfanin Apple yakan shirya taron masu ƙera manhaja duk shekara a jihar Kalifoniya, inda kuɗin shiga kaɗai yake kai dala 1,599, kuma 'yan dubbai ne suke samun gurbi. A 2020 kamfanin ya mayar da taron intanet kyauta, daga baya shugabansa Tim Cook ya ce mutum miliyan 22 ne suka kalla. Haka ma baje kolin birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda fataken Kantin Kwari da na Wambai suka sani sarai. Tun 1957 ake yinsa ido da ido, amma daga 15 zuwa 24 ga watan Yunin 2020 an yi shi gaba ɗaya ta intanet, kamfanoni kimanin dubu 25 suka baje kayansu, da yawa daga cikinsu suna nuna hajar kai tsaye dare da rana saboda bambancin lokaci tsakanin ƙasashe. Mai saro kaya ya ga samfuri, ya tambayi farashi, ba biza, ba kuɗin jirgi, ba otal.

Ƙaramin ɗan kasuwa ma yana da rabonsa a nan. Tsarin kyauta na Zoom yana ɗaukar mutum 100 na tsawon minti 40, na Google Meet kuma awa guda. Wanda da sai ya kama ɗakin taro, ya yi hayar kujeru da lasifika da janareta, ya tanadi ruwa da lemo, yanzu waya da data da ɗaki mai haske sun ishe shi.

To amma araha kaɗai ba ta sayar da kaya. Babbar matsalar cinikin intanet ita ce yarda. Mai saye yana ganin hoto mai kyau, amma bai san wanda ke bayan hoton ba, kuma ya sha jin labarin wanda ya tura kuɗi aka toshe lambarsa, ko wadda ta zaɓi atamfa aka kawo mata wata daban. Hoton talla ba ya amsa tambaya. A taron bita kuwa, mai kaya yana zaune a gaban jama'a na tsawon lokaci, ana ganin fuskarsa, ana jin muryarsa, ana jefo masa tambayar da bai shirya mata ba. Idan ya san aikinsa, nan take za a gane. Idan kame-kame yake yi, shi ma ba ya ɓoyuwa.

Labarin wani kamfanin ƙasar Sin ya nuna ƙarfin wannan hanya. New Oriental yana cikin na kan gaba wajen darasin bayan makaranta a ƙasar, har zuwa watan Yulin 2021 da gwamnati ta hana cin riba da koyar da yara manyan darussan makaranta. Kamfanin ya sallami ma'aikata dubu 60. Mai kamfanin, Yu Minhong, ya yanke shawarar wasu daga cikin malaman da suka rage su koma sayar da amfanin gona kai tsaye a manhajar Douyin, wadda ita ce TikTok ta cikin ƙasar Sin. Wata da watanni ba wani ciniki na a zo a gani.

Sai a watan Yunin 2022 hankalin jama'a ya kai kan wani malamin Turanci mai suna Dong Yuhui, ɗan manoma daga lardin Shaanxi. Sauran masu tallan kai tsaye ihu suke yi, suna ƙirga daƙiƙu, suna cewa a yi maza kafin kaya su ƙare. Shi kuwa sai ya ɗauko ɗan ƙaramin allo da alƙalami. Idan nama yake sayarwa, sai ya rubuta sunansa da Turanci a allon, ya koya wa masu kallo yadda ake furta shi da yadda ake yin odarsa a gidan abinci. Idan shinkafa ce ko masara, sai ya shiga labarin ƙauyensu da wahalar manomi da tarihi da littattafan da ya karanta, farashi kuma ya zo daga baya. Cikin 'yan kwanaki mabiyan shafin suka tashi daga kusan miliyan guda suka haura miliyan 10, hannun jarin reshen kamfanin ya ninka sau da yawa a kasuwar Hong Kong. Mutane sun zo sauraron darasi, suka tafi da buhun shinkafa.

Labarin yana da ɗaya gefen da ya kamata masu kamfani su lura da shi. A watan Yulin 2024 Dong Yuhui ya raba gari da kamfanin ya kama gabansa, kuma da labarin ya fita hannun jarin reshen kamfanin ya faɗi da fiye da kashi 20 cikin 100 a rana ɗaya. Yardar da aka gina ta wannan hanya tana manne wa mutumin da aka saba gani, don haka kamfanin da ya dogara da bakin mutum ɗaya yana cikin haɗari ranar da mutumin ya tashi.

Shirin Dong Yuhui buɗaɗɗe ne, kowa yana iya leƙowa ya wuce. Taron bita ya fi shi da abu guda, wato rajista. Kafin mutum ya samu hanyar shiga, sai ya rubuta sunansa da lambar wayarsa ko adireshinsa na imel. Wanda ya ɗauki lokaci ya cike wannan, ya kuma zauna ya saurari bayani na rabin awa, ya riga ya nuna yana da buƙata. Mutum 60 irin waɗannan sun fi dubban da suka ga talla a Facebook suka goge da yatsa.

A ɗauki misalin mai shagon abincin kaji da magungunansu. Da zai sa talla ya ce yana da abinci mai inganci, da maganarsa ta ɓace cikin ta sauran masu shago, domin kowa haka yake cewa. Amma a ce ya sanar da cewa ranar Asabar bayan sallar isha'i zai yi bayani kyauta a kan yadda ake raya 'yan tsaki a makonni biyun farko, lokacin da aka fi yin asara. Ranar taron ya jingina waya a cikin ɗakin kaji, ya nuna yadda ake shimfiɗa diddigar katako, da inda ake ajiye fitilar ɗumama ɗaki, da yadda ake gane zafi ya yi yawa idan tsakin suka watse suka manne da bango, ko sanyi ya kama su idan suka cunkushe wuri ɗaya. A gefen allo tambayoyi suna ta shigowa. Wata ta rubuta cewa: “Malam, nawa kullum sai na tarar biyu ko uku sun mutu da asuba, mene ne dalili?” Wani ya ce: “Alhaji, yaushe ake ba su rigakafin gumboro?” Ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Sai a minti biyar na ƙarshe ya ambaci shagonsa, da rangwamen da ya ware wa waɗanda suka halarta.

Masu sauraron rediyo sun san irin wannan tsari a filayen da 'yan kasuwa suke ɗaukar nauyi, a buɗe layin waya jama'a su bugo. Bambancin shi ne, a rediyo mai shirin bai san waɗanda suka saurare shi ba, a taron bita kuwa yana tashi da sunayensu a hannu.

Tambayoyin nan ma wata riba ce. Manyan kamfanoni suna biyan kuɗi masu yawa don a binciko musu abin da ke damun abokan cinikinsu. Mai shagon nan ya samu nasa binciken a kyauta. Idan mutum goma suka tambayi abu ɗaya, ya san kayan da zai ƙaro da batun taro na gaba. Sannan idan ya naɗi taron, zai iya yanka shi gutsi-gutsi ya riƙa sakawa a WhatsApp da TikTok da YouTube, aikin dare ɗaya ya yi masa tallan wata guda.

Ga matan da suke sana'a daga cikin gida, hanyar ta zo daidai da yanayinsu. Azuzuwan girki da haɗa turaren wuta da ɗinki da gyaran jiki sun riga sun yawaita a rukunonin WhatsApp da Telegram. Mai koyarwa tana iya juya kyamara ga hannunta da tukunya kawai, ɗalibanta kuma suna Kano da Maraɗi da Kumasi da Jidda, duk da Hausa ake yi. Wadda ta koyi haɗin, sau da yawa a wajen malamar take sayen kayan haɗin.

Sai dai akwai cikas, kuma na farko shi ne tsadar data. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, alhali awa guda ta taron bidiyo tana iya lashe gigabait guda ko fiye. Ga matsalar wuta, ga sabis da yake yankewa ana tsakiyar magana. Shi ya sa masu dabara suke taƙaita taron, su ce mahalarta su kashe kyamarorinsu, ko su koma taron murya zalla a Telegram, su tura hotuna daban. Haka kuma rahotannin kamfanonin da suke wannan harka sun sha nuna cewa kusan rabin waɗanda suka yi rajista ne suke halarta. Don haka tunatarwa kwana guda kafin taro da kuma awa guda kafin a fara tana cikin aikin, haka ma tura naɗin ga waɗanda ba su samu zuwa ba. Taron da aka bar ƙofarsa a buɗe kuma yana iya samun 'yan ta-da-zaune-tsaye. A ƙarshen Maris na 2020 sai da hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan masu kutsawa tarukan Zoom suna watsa batsa da zagi, abin da ya sa kamfanin ya mayar da lambar sirri da ɗakin jira tsarin da taro yake farawa da shi.

Cikas mafi girma shi ne 'yan damfara sun gano amfanin wannan hanya tun kafin 'yan kasuwar kirki da yawa su gano. Kamfanin OneCoin, wanda Ruja Ignatova ta kafa a Bulgeriya a 2014, ya yi amfani da manyan taruka da bitocin intanet wajen jawo mutane su sayi kuɗin intanet na bogi. Masu gabatar da ƙara a Amurka sun ce an yi awon gaba da fiye da dala biliyan 4. Matar ta ɓace a watan Oktoban 2017, kuma a 2022 FBI ta sa ta cikin mutum 10 da take nema ruwa a jallo. A Najeriya ma ba a manta da MMM da ya rufe asusun jama'a a Disamban 2016 ba, balle CBEX da ya durƙushe a Afrilun 2025 bayan ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30.

Ana iya bambance mai gaskiya da ɗan damfara tun daga cikin taron. Mai sana'ar gaskiya yana koyar da abin da mutum zai yi amfani da shi ko bai sayi komai ba, kuma yana barin a yi masa tambaya mai zafi. Ɗan damfara kuwa hotunan motoci da gidaje yake nunawa, ya kira masu ba da shaida su yi ta godiya, ya rufe wurin tambaya ko ya fitar da mai yawan bincike, sannan ya ce gurbi zai rufe da ƙarfe 12 na dare, kuma kowa ya kawo mutum biyu.

Doka ta fara bin sawun al'amarin. Dokar zuba jari da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta haramta tsarin a-ci-da-kuɗin-na-baya, irin na MMM da CBEX, ƙarara, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu shirya shi. Duk wanda aka gayyata taron zuba jari yana iya duba ko kamfanin yana da rajista da hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari kafin ya tura ko sisi. Shi ma ɗan kasuwar da yake tara sunaye da lambobin jama'a akwai nauyi a kansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta masa ya faɗi abin da zai yi da bayanan tun a takardar rajista, ya nemi amincewar masu su kafin ya riƙa tura musu talla, ya kuma daina idan suka ce a daina. Sayar da jerin lambobin ga wani ba da izininsu ba laifi ne da hukumar kare bayanai ta ƙasa take da ikon cin tara a kansa.