A Zo da Mai Wankan Jego Ranar Sallama

'Yar'uwa mai juna biyu, idan haihuwarki ta zo da tiyata, aikin likita a kan raunin zai ƙare cikin awa ɗaya ko makamancin haka. Sauran aikin, wanda zai ɗauki kusan mako 6, a gida za a yi shi, kuma galibi ba ke za ki yi ba. Mahaifiyarki ce, ko surukarki, ko wata goggo da ta saba wankan jego. Shi ya sa nake ganin bai wadatar ba a koyar da mu ma'aikatan jinya wanke rauni da sauya bandeji kawai. A haɗa mana da koyon yi wa wannan dattijuwa bayani cikin ladabi, a aikace, ba a miƙa wa mai jego takarda a ce ta je ta karanta ba.

Ciwon ɗinki yakan bayyana ne cikin kwana 30 bayan aiki, sau da yawa bayan an sallame ki. A lokacin babu nas kusa da ke, sai Inna.

Inna kuwa ba mugunta take nufi ba idan ta tsoma ganyen darbejiya cikin tafasasshen ruwa ta fyaɗa miki a ciki. Haka aka yi mata, ta kuma yi wa wasu. Amma su ba a yanka musu fata da mahaifa ba. Gefen ɗinki yakan yi dindiris na wani lokaci saboda ƙananan jijiyoyin da aka yanke, don haka ruwa zai iya ƙona ki ba ki ji ba. Ƙuna a kan sabon ɗinki kuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Tun shekarun 1970 ma likitoci a Zariya suka danganta wanka mai tsananin zafi da yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Ba cewa muke kada ki yi wanka ba. Idan an cire bandejin farko, ki yi da ruwa mai ɗumi da sabulu, kada a dirje wurin, sannan a tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe sarai, musamman idan fatar ciki ta rufo shi. Ban da toka, man zafi, hoda ko garin magani. Duk wanda zai taɓa wurin ya fara wanke hannu.

Ki dawo asibiti a ranar, ko cikin dare ne, idan wurin ya yi ja ko ya kumbura, yana fitar da mugunya ko wari, ɗinkin ya buɗe, zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko zazzaɓi ya kama ki. Mai ciwon suga ko ƙarancin jini ta ƙara sa ido, domin rauninta ya fi jinkirin warkewa.

Maigida, naka shi ne kuɗin mota da izinin fita tun kafin a buƙata, da hana ta ɗaukar bokitin ruwa ko daka. Ranar sallama kuma ka kawo mai wankan har bakin gado. Ku tambayi nas ko zaren mai narkewa ne ko sai an cire, da ranar da za a dawo a duba shi.