Baƙo Raɓa Ne: Me Ake Bari Ranar Ban Kwana?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, a dogon hutun da ya wuce na halarci wani ɗan taro a garinmu Ƙauran Namoda, wanda har yanzu bai fita daga zuciyata ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce, 'yar wata ƙasa ta Afirka, ta ƙare wa'adinta na aikin taimako a yankinmu, aka taru don a yi mata ban kwana. An kawo mata tsaraba, da turmin atamfa da kilishi da tabarma, an kuma yi jawabai har mata suka fara share hawaye da bakin mayafi. Ana cikin haka sai wata tsohuwa ta miƙe ta ce, "'Yata, mun gode. To, amma wa kika bar mana?" Baƙuwar ta kamo hannun wasu 'yan mata biyu 'yan garin waɗanda ta koya wa aiki, ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Inna, ga su nan."

Ra'ayina shi ne, tambayar tsohuwar nan ita ce ma'aunin kowane ban kwana irin wannan. Sabo ake yi wa kuka, ba shakka, kuma babu laifi a yi. Amma hawaye kan bushe kafin mota ta kai Gusau. Abin da ke wanzuwa shi ne aikin da aka danƙa a hannun 'yan gida.

Zan riƙa cewa masu aikin taimako, domin a Zamfara idan aka ce 'yan sa-kai, hankalin mutane kan tafi ga masu ɗaukar makami, ba ga masu ɗaukar alli ko allura ba. Irin waɗannan baƙi sun daɗe suna zuwa Nijeriya. Ƙungiyar VSO ta Ingila an kafa ta a 1958, shirin Peace Corps na Amurka kuwa Shugaba Kennedy ya kafa shi a 1961, kuma matasansu sun koyar a makarantun sakandare da na horon malamai a ƙasar nan. Kowannensu ya zo, ya yi kwanakinsa, ya koma gida. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, hantsi na dubawa sai a neme shi a rasa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971. A 2010 gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a yammacin jiharmu, saboda niƙan duwatsun zinariya da ake yi a cikin gidaje, ta kashe yara kimanin 400. Nan aka gane cewa magani kaɗai ba ya isa, domin idan an warkar da yaro ya koma tsakar gidan da ƙasarsa ke da guba, ciwon dawowa yake yi. Sai da aka haɗa abu uku: ba da magani, da kwashe gurɓatacciyar ƙasa, da koya wa masu haƙa hanyar aiki marar hatsari. Bayan kimanin shekara 12, watau a 2022, ƙungiyar ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. Daga ranar, nauyin ya koma wuyanmu.

Sa'an nan mu dubi arewacin jihar. A 2024 wannan ƙungiya ta auna yara a Shinkafi da Zurmi, ta tarar cewa ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 yana fama da tamowa. Kafin haka, a watan Disamba na 2023, faɗan da ya ɓarke a Zurmi ya tilasta mata janye wasu ma'aikatanta na ɗan lokaci. Ashe ba kowane ban kwana ne ake yi masa taro da jawabi ba. Wani a dare ɗaya yake zuwa, ba shiri, kuma uwar da ta goyo ɗanta daga ƙauye ba ta da inda za ta janye.

Na san wani zai ce, "Ai mai taimako ya yi nasa, bai kamata a ɗora masa wani nauyi ba." Gaskiya ne mutumin da ya bar iyalinsa ya zo inda ake gudu ya cancanci godiya, kuma butulci ba halinmu ba ne. Amma taimakon da ke tsayawa cik ranar da mai shi ya hau mota, zanen aro ne, ba ya rufe katara. Don haka nake ganin wajibi ne tun ranar da baƙo ya sauka ya fara shirin ranar tafiyarsa: ya zaɓi wanda zai gaje shi, ya koya masa, ya rubuta yadda ake aikin, ya kuma bar shi ya gwada a gabansa. Tun ran gini tun ran zane.

To, amma babban rabon laifi namu ne. Mu nawa ne a cikinmu ke shirin komawa Zurmi ko Shinkafi bayan an ba mu digiri? Yawancinmu Abuja da Kaduna muke hange. Wa za a miƙa wa aiki idan masu ilmin garin duk sun gudu? Haka kuma hukuma, idan ta karɓi asibiti ko makaranta, sai ta ware kuɗin magani da albashi kafin ranar miƙawa, ba bayanta ba.

Kada kuma mu manta mu ma baƙi ne a wani wuri. Tun 1973 da Janar Gowon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima, kowane ɗayanmu yana da shekara guda da zai yi a garin da ba nasa ba. Tun 1987 kuma Nijeriya take aika malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, na shekara biyu, a ƙarƙashin shirin TAC. Wata rana mu ne za a tara wa jama'a, a ba mu tsaraba, wata tsohuwa ta miƙe ta tambaye mu wa muka bar musu.

Allah Ya sa ranar mu sami hannun da za mu kamo mu nuna, amin.