Tsohuwar Garma Ba Gwangwani Ba Ce

Duk wanda ya ratsa ƙasar Obi, kudu da Lafiya, a lokacin da ake tayar da kunyar doya, zai ga abin da garma take yi a hannun Alago da Tibi da Migili. Garmar wannan yanki faffaɗa ce, ga nauyi, domin tsibin doya ba ya tashi da 'yar fartanyar noman gero. Amma ba kasafai ake tambayar wanda ya ƙera ta ba, balle inda ƙarfenta ya fito.

Ƙira daɗaɗɗiyar sana'a ce a tsakiyar ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya tono matoyan ƙarfe waɗanda suka haura shekara 2,000. Maƙerin da shi ne mai haƙar tama, shi ne mai ƙona gawayin ƙirya, ya gina matoya da laka, a kwana ana zuga kafin a sami dunƙulen da zai yi ruwan garma ƙwaya biyu ko uku. Saboda wannan wahala, ba a yar da ƙarfe. In garma ta cinye sai a mai da ita fartanya, in fartanya ta ƙare ta zama wuƙa, wuƙa kuma ta koma basilla.

Jirgin ƙasa ne ya kashe wutar matoya. Tun da hanyar dogo daga Fatakwal ta bi ta Makurɗi da Lafiya ta isa Kafanchan a 1927, sai ƙarfen Turawa ya wadata. Maƙera suka ga babu dalilin kwana gaban wuta alhali ga guntayen ƙarfen reluwe, daga baya kuma ga sifirin mota, wanda ya fi tauri, ya kuma fi riƙe kaifi. Ba za a ga laifinsu ba, kowa ya sami sauƙi ba ya zaɓar wuya. Sai dai sanin narka tama ya bi tsofaffi kabari.

Abin da ya rage shi ne kayan aikin kansu: uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da zugazugin fatar akuya, da gizagon da ake sassaƙa ƙota. Maƙerin gargajiya ba ya buga sunansa a jikin ƙarfe kamar yadda masana'antun Sheffield ta Ingila suke yi, amma tsohon manomi yana duban bakin garma da yadda aka lanƙwasa wuyanta ya faɗi gidan da ta fito. Masaba guda takan ga kaka da uba da jika, har wurin riƙonta ya yi santsi don gumi.

To, ga inda takaicin yake. 'Yan gwangwan suna bi ƙauye-ƙauye da sikeli, su kuwa babu ruwansu da wanda ya ƙera abu, nauyi kawai suke saye. Magada da dama sukan kwashe kayan maƙerar mahaifinsu su sayar a kuɗin da bai kai na tsabar doya ba, a loda a mota tare da ruɓaɓɓen kwano, a kai kamfanin narka ƙarfe. Da ƙaramar hukumar Obi da fadar Osuko za su ware ɗaki ɗaya tak, a tara irin waɗannan kaya, a rubuta sunan maƙeri da garinsu a jikin kowanne tun masu iya shaidawa suna raye, da aikin bai fi ƙarfin aljihunsu ba.