Burtali a Sararin Samaniya

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da daddare yana neman gajeren zango ya san irin cunkoson da ke wurin. Kana cikin sauraron labarai a kan mita 41, sai ka ji wani yare ya hau kan Hausar, ko wani fito mai tsini ya taso, ko ƙugi kamar na injin niƙa. Mukan ce iska ce ba kyau. Sau da yawa kuwa ba laifin iska ba ne, maƙwabta ne suka taka juna. A cikin maƙwabtan nan akwai waɗanda ba a cika saninsu a ƙasar Hausa ba, wato 'yan rediyon sha'awa. Mutane ne da ke ajiye na'urar aikawa da karɓar saƙo a ɗakunansu, su ci jarrabawa, hukuma ta ba su lasin, su riƙa zantawa da takwarorinsu na wasu ƙasashe don neman sani da gwaje-gwaje, ba tare da neman ko kwabo ba.

Dokokin da aka ɗora wa mutanen nan suna da tsauri, har wasu na ganin an ƙware su. A nawa ra'ayi dokokin sun yi daidai, kuma su ne suka sa har yau ɗan sha'awa ke da filin da zai sa ƙafa. Amma bari mu fara sanin filin tukuna.

Igiyar rediyo tana tafiya da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ana auna ta ta hanya biyu: ko a faɗi tsawonta da mita, ko a faɗi sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa, wato kilohaz. Idan ka raba 300,000 da yawan kilohaz, sai ka sami tsawon. Alal misali, kilohaz 7,100 ya kama kusan mita 42. Gajeren zango gaba ɗayansa daga kilohaz 3,000 ne zuwa 30,000, ba ƙari. A cikinsa ne jiragen sama da na ruwa, da sojoji, da gidajen rediyo, da 'yan sha'awa suke neman wurin zama. Ga shi kuma igiyar gajeren zango takan doki wani sashe na sama mai ɗauke da cajin lantarki ta dawo ƙasa a nesa, saboda haka wanda ya kunna na'ura a Kano yana iya damun mai sauraro a Italiya. Ba shingen da za a kafa mata, ba kuma jami'in kwastan da zai tsayar da ita a bakin iyaka. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya, kuma mai riƙe da ita ita ce Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda aka kafa a Paris a 1865, hedkwatarta kuma tana Janeba.

A ƙa'idojin ƙungiyar, ba kowace hayaniya ce laifi ba. Abin da aka haramta shi ne katsalandan mai cutarwa, wato wanda zai jefa na'urorin jagorancin jirage ko ayyukan ceton rai cikin haɗari, ko kuma ya ɓata wata sadarwa mai bin doka ƙwarai, ko ya toshe ta, ko ya yi ta katse ta. Sannan aka kasa masu amfani da kowane fili gida biyu: mai haƙƙin farko da mai haƙƙi na biyu. Na biyun ba shi da ikon damun na farko, in kuwa na farkon ne ya dame shi, ba shi da bakin kai ƙara. Manomi da makiyayi sun san irin wannan tsari tun kaka da kakanni. Burtali na shanu ne, ba a noma shi. Gona kuwa ta manomi ce, amma in an kawar da amfani, garke ya shiga ya ci kara. Gona ɗaya ce, haƙƙi biyu, ɗaya na gaba da ɗaya. Ɗan sha'awa yana da burtalinsa a wasu wurare, kamar mita 20 da mita 15. A wasu kuwa, kamar mita 30 da aka ba shi a taron 1979, mai cin kara ne kawai. A ɗan yankin mita 60 da aka amince da shi a 2015, faɗinsa kilohaz 15 ne kacal, kuma a yawancin ƙasashe ƙarfin da aka yarje masa bai wuce wat 15 ba.

To, ina adalcin yake? Tarihi ne zai ba mu amsa. Kafin 1912 babu wata doka mai ƙarfi a Amurka, kowa ya ga dama sai ya kunna na'urarsa mai tartsatsi, wadda ke fantsama ko'ina. A watan Afrilu na shekarar jirgin ruwan Titanic ya nutse da mutum fiye da 1,500, saƙonni suka cakuɗe, har aka baza labarin ƙarya cewa jirgin ya tsira. Aka ɗora wa 'yan sha'awa wani kaso na laifin. A shekarar ce majalisar Amurka ta tilasta yin lasin, ta kuma kora su zuwa igiyoyin da ba su kai mita 200 ba, domin a lokacin ana ɗauka wurin faƙo ne, ba ya tsirar da komai. Ashe dausayi aka ba su. A watan Nuwamba na 1923, Léon Deloy a birnin Nis na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka, a kan kusan mita 110, da na'urorin da ba su kama ƙafar na manyan kamfanoni ba. Nan fa gwamnatoci da kamfanoni suka yo ca a kan gajeren zango. Da babu doka a lokacin, da mai ƙarfi ya kwashe duka. Sai ga shi 'yan sha'awa sun kafa ƙungiyarsu ta duniya a Paris a 1925, kuma taron Washintan na 1927 ya yanka musu filaye a rubuce, har da mita 40, daga kilohaz 7,000 zuwa 7,300.

Labarin mita 40 ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne maƙwabcin mita 41 da muka saba ji. Daga taron Alƙahira na 1938 gidajen rediyo suka fara samun shiga ta samansa. Zuwa 1959, 'yan sha'awa na Afirka da Turai an bar su da kilohaz 100 kawai, daga 7,000 zuwa 7,100, alhali na nahiyar Amurka suna riƙe da 300 ɗinsu. Amma riƙon na takarda ne, don da dare ya yi sai tashoshin Turai su rufe su. Babban gidan rediyo yana iya aikawa da wat 500,000, ɗan sha'awa kuwa galibi wat 100 yake amfani da shi, wato ninki 5,000. Ko kusa ba kokawa ba ce. Ba su rama da hayaniya ba. Suka yi ta tattara shaida, suna bi ta hannun gwamnatocinsu, shekara da shekaru, har taron Janeba na 2003 ya yanke cewa gidajen rediyo su tashi daga 7,100 zuwa 7,200, a musanya musu da wani wuri can sama, kuma aka sa ranar 29 ga Maris, 2009 ta zama ranar tashi. Galibinsu kuwa suka tashi. Ba kasafai ake ganin giwa ta kauce wa zomo ba, kuma ƙa'idar da ke hana zomo shiga gonar wani ita ce ta kawar da giwar.

Wannan ne ya sa ba na tare da masu cewa matsayi na biyu wulaƙanci ne. Dubi abin da ya faru da filin megahaz 1,240 zuwa 1,300. 'Yan sha'awa na biyu ne a wurin, kuma taurarin ɗan'adam na Turai masu nuna hanya, waɗanda ake kira Galileo, suna aiko da sigina a tsakiyarsa. Siginar da ta taso daga nisan fiye da kilomita 23,000 takan iso a raunane ƙwarai, na'ura guda a kusa tana iya danne ta. Taron Dubai na 2023 bai kori 'yan sha'awa ba, sai dai ya nuna wa ƙasashe yadda za su rage musu ƙarfi a sassan da taurarin ke aiki. Wanda ya auna sha'awar mutum ɗaya da bukatar masu tafiya da ke dogara da siginar, ya san wanda ya kamata ya kauce.

A tsakanin junansu ma haka abin yake. Ba wanda ke da kilohaz nasa na kansa, ko da ya shekara 30 yana zama a wurin. Kafin ka yi magana sai ka saurara, sannan ka tambaya ko akwai mai amfani da wurin. Masu buga alamun Mos sukan aika QRL da alamar tambaya, wanda daidai yake da sallama a ƙofar zaure. Ana so ka yi amfani da mafi ƙarancin ƙarfin da zai isar da saƙonka, ka riƙa faɗin lambar kiranka a kai a kai, kada kuma ka ɓoye ma'anar zancenka. In aka ji kiran gaggawa, kowa ya yi tsit. Amfanin wannan ladabi ya fito fili a ranar 26 ga Disamba, 2004, lokacin da igiyar ruwa ta afka wa tsibiran Andaman. Wata tawagar 'yan sha'awa ta Indiya da ta je can don nishaɗi ta koma isar da saƙonnin agaji da na neman dangi, a daidai lokacin da wayoyi suka mutu.

Sai dai akwai inda masu ƙorafi suka fi ni gaskiya. ITU ba ta da 'yan sanda. Daga 1976 zuwa 1989 wata ƙatuwar na'urar hango makamai ta Tarayyar Sobiyet, wadda ake kira Duga, ta riƙa buga ƙwas-ƙwas sau 10 a daƙiƙa a faɗin gajeren zango, har aka laƙaba mata sunan maƙwaƙƙwafi. Ƙasashe suka yi ta kuka, ba ta fasa ba sai da masu ita suka kashe abarsu. Bayan 2009 ma an daɗe ana jin wasu tashoshin gabashin Afirka a cikin filin da aka ce a tashi. Akwai kuma ɓarnar da ta fi kusa da mu, wadda ba a kula da ita: injin juya wutar batir, da cajar waya, da ƙwan lantarki marasa inganci, duk suna fitar da hayaniyar da kan shaƙe gajeren zango a unguwa guda. Laifin nan na masu ƙera kaya ne da masu barin a shigo da su ba gwaji. Maganinsa a tsaurara bin doka a kan kowa, babba da yaro, domin in aka sassauta ta, mai wat 100 ne zai fara rasa wurinsa.

Malamin kimiyya yana iya nuna wa ɗalibansa duk wannan da akwatin rediyo guda. Bayan magariba a kama mita 41, a riƙa murɗawa a hankali zuwa ƙasa da kilohaz 7,200. Kiɗa da labarai za su yanke, in an yi sa'a sai a ji wasu muryoyi a shaƙe kamar kukan agwagwa, domin 'yan sha'awa kan matse muryarsu cikin kusan kilohaz 3 don wani ma ya sami wuri, rediyon gida kuwa ba ya iya warware ta sosai. Daga nan a kunna cajar waya kusa da akwatin, a ji abin da zai faru. Ɗalibin da ya ƙagu ya yi magana shi ma, sai ya nemi lasin daga hukumar ƙasarsa. In ya samu a Nijeriya, lambar kiransa za ta fara da 5N, a Nijar 5U, a Gana kuwa 9G.