Sharhi: Wa Ke da Hurumin Hana Littafi a Makarantunmu?

Idan jama'a za su iya tunawa, a watan Oktoba na 2023 Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta ƙwace kwafi sama da dubu na littafin Queen Primer, bayan iyaye da malaman addini sun koka. A cikin watan ne kuma Majalisar Wakilai ta nemi a hana littafin a makarantun ƙasar nan. Shi dai wannan littafi na koyon karatun Turanci ne, an fara buga shi a Biritaniya tun ƙarni na 19. Kalmar da ta jawo ce-ce-ku-ce a da tana nufin farin ciki ne, amma a yau an fi saninta da ma'anar luwaɗi.

Wannan batu ya shafe mu a nan Kongolam da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, domin yawancin littattafan da iyaye ke saya daga kasuwannin Kano da Katsina ake saro su, sannan muna bakin iyaka, inda kaya ke shiga da fita tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar. Babu wanda ke musun cewa tarbiyyar yara amana ce. Abin tambaya shi ne, wa zai yanke hukunci, kuma ta wace hanya?

Tarihi ya ba mu darasi. A shekarar 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, shirin A Daidaita Sahu ya ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a Kano. Daga baya kuma aka yi ta sa-in-sa tsakanin hukumar tacewa da marubuta kan batun yin rajista. To amma irin waɗannan labarai ba su ɓace ba. A yau cikin wayar salula suke yawo, inda idon malami ba ya kaiwa. Ke nan wuta tana cin takarda ne kawai, tana barin damuwar iyaye a inda take.

Doka ba ta bar wannan al'amari kara zube ba. Hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke tsara manhaja da tantance littattafan karatu a matakin tarayya. A matakin jiha akwai Ma'aikatar Ilimi da hukumar SUBEB, ƙarƙashinta kuma akwai Sakataren Ilimi na kowace ƙaramar hukuma. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba da 'yancin karɓa da isar da bayani, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi domin kare ɗabi'un jama'a, amma da sharaɗin a yi hakan ta hanyar doka.

Saboda haka muna ganin haƙƙin kokawa na kowa ne, amma hukuncin hanawa na hukuma ne. Uban da ya ga abin ƙi ya kai littafin ga hedimasta, ya nuna shafin. Hedimasta ya kira kwamitin SBMC, wanda ya ƙunshi iyaye maza da mata da wakilin masarauta da malaman addini. Idan an ga dalili, a jingine littafin na ɗan lokaci, a rubuta wa Sakataren Ilimi, shi kuma ya miƙa sama. Masu duba shi su karanta shi duka, su yi la'akari da shekarun yaran, domin abin da bai dace da ɗan aji biyu ba yana iya zama wajibi ga ɗalibin kimiyya a babbar sakandare.

Haka kuma duk littafin da aka janye, ya kamata a bayyana dalili a rubuce, a kuma faɗi wanda zai maye gurbinsa. A ƙauyen da yara da dama ke haɗa kai a kan kwafi ɗaya, cire littafi ba tare da madadi ba hasara ce ga talakan da ya sayar da gero ya saya.

Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da limamai su wayar da kan jama'a kan bin wannan hanya, kada jita-jitar waya ta zama alƙalin makarantunmu. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.